Siparaksis, firisiya, iksiya ko giladiyolas: wanne za ka shuka, kuma a ina?

Bara waccan Yayata da ke Kaduna ta ga hoton wani fure a wayarta, ja mai ruwan lemo, tsakiyarsa rawaya, an zagaye rawayar da baƙi kamar an ja masa kwalli. Ba ta yi wata-wata ba ta sayi leda biyu na irinsa a intanet. Da ruwa ya zauna ƙasa ta jiƙa, sai ta yi abin da duk 'yar manomi za ta yi: ta ja kunya a gindin katanga, ta zuba takin awaki, ta binne su. Yuni ya wuce, Yuli ya wuce, tsiro biyu ko uku suka leƙo suka koma. Da ta tona a watan Agusta ɓawo kawai ta tarar, cikin ya narke yana wari. Ta kira ni tana faɗa, wai ni da nake zaune a Afirka ta Kudu, ƙasar furen, na bari aka sayar mata da jabun iri.

Na ce, "Yaya, irin ba shi da laifi. Lokacin barcinsa kika tashe shi, kika kuma kwara masa ruwa cikin zafi."

Ta ce to, tunda na iya magana, in zauna in bambance mata tsakaninsa da sauran ukun da ake jerawa kusa da shi a wurin masu sayarwa, don bana ba ta son asara. Abin da na gaya mata ke nan nake faɗaɗawa a nan.

A jikin ledar za ka ga an rubuta Sparaxis, wato siparaksis. Maƙwabtansa uku su ne Freesia, Ixia da Gladiolus, waɗanda zan riƙa kira firisiya, iksiya da giladiyolas. Dukansu gida ɗaya suka fito, dangin da masana tsirrai ke kira Iridaceae, kuma dukansu tushensu Afirka ne, ko da yake yawancin irin da ke yawo a kasuwannin duniya daga gonakin Holan yake fitowa. Ganyensu kamar takobi, a jere kamar mafici. Abin da ake shukawa kuwa wani ɗan kai ne da ke ƙarƙashin ƙasa. Bahaushe albasa yake kiran irin wannan, shi ya sa muke da albasar kwaɗi, ni ma haka zan kira shi. Amma a san cewa ba ta da ɓawo hawa-hawa irin albasar miya. In ka yanka ta dunƙulalliya ce kamar gwaza, da riga mai zare-zare a bayanta. Ta siparaksis ba ta wuce girman babbar gyaɗa ko ƙaramin goro ba. Kowace shekara tsohuwar tana ƙarewa, sabuwa ta hau kanta, 'ya'ya ƙanana su kewaye ta. Riƙe wannan, domin duk kulawar da za a yi wa furen a kan wannan sabuwar albasar take.

Inda furen ya taso

Siparaksis ba ya fitowa da kansa a ko'ina a duniya a matsayin ɗan ƙasa sai a kudu maso yammacin Afirka ta Kudu, lardunan Kef ta Yamma da Kef ta Arewa. Nau'o'insa kusan 15 ne. Wani masanin tsirrai ɗan Ingila, John Bellenden Ker Gawler, shi ya raɗa wa jinsin suna a 1802, daga kalmar Girkanci mai ma'anar yagewa, saboda busasshen ɗan mayafin da ke gindin furen bakinsa a yayyage yake kamar tsohon zane.

Yanayin wannan yanki shi ne mabuɗin komai, kuma juyin namu ne. A Kef Tawun ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Mayu zuwa Agusta. Da rana a wannan lokaci zafi bai cika wuce digiri 17 ko 18 a ma'aunin Salsiyos ba, da dare ya sauka wajen 7 ko 8. Daga Disamba zuwa Maris kuwa rana ce da iska, ƙasa ta bushe ƙayau. Furen ya tsara rayuwarsa a kan haka: ruwan farko na Afrilu ko Mayu ya tashe shi, ya yi ganye cikin sanyi, ya yi fure daga Agusta zuwa farkon Oktoba, sannan ganyen ya bushe, albasar ta kwanta cikin ƙasa mai zafi, busasshiya, har wata biyar ko shida. A wurinmu kuwa ruwa cikin zafi yake zuwa, sanyi kuma babu ɗigon ruwa. Damina da ke raya gero ita ce ajalin albasar da ke barci.

Wanda Yaya ta gani a hoto shi ne Sparaxis tricolor, mai launi uku. Gidansa wani ɗan gari ne da ake kira Nieuwoudtville, kusan kilomita 350 arewa da Kef Tawun. Sunan sai da na yi mako ina tuntuɓe a kansa. Ana bin babbar hanyar arewa har Vanrhynsdorp, sannan a hau dutse, sai ka ɓulla kan wani tudu mai faɗi na tumaki da alkama da ganyen shayin rooibos. Masu harkar furanni suna yi wa garin kirari da babban birnin albasar fure na duniya, kuma a watan Satumba, in shekara ta yi ruwa, ba za ka yi musu gardama ba. Akwai lambun gwamnati na Hantam a gefen garin, inda ake kare abin da ya rage na wannan jeji. Na ce abin da ya rage, domin ƙasar da furen ke so ita ce alkama ke so, garma ta riga ta cinye kaso mai yawa. Furen da ake sayarwa da araha a kantunan Turai, a gidansa yana cikin tsirran da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Abu biyu na koya a can da ba a rubuta su a jikin leda. Na farko, wannan baƙin kwalli da ke tsakiyar furen talla ce ga wasu ƙananan buzuzu masu gashi, waɗanda ke taruwa a kan furen su ci su yi barbara, su kwashi garin fure zuwa na gaba. Da ido suke neman furen, shi ya sa ya zuba dukiyarsa a launi ya bar ƙamshi. Na biyu, a jeji cikin ƙasa mai laka yake fitowa, wadda ke jiƙe sharkaf lokacin sanyi. Littattafai suna cewa sai ƙasa mai yashi, kuma shawara ce mai kyau ga mai lambu, amma laka kaɗai ba ta kashe shi. Danshi da zafi in sun haɗu, su ke kashe shi.

Ido, hanci da kwalbar fure

In launi kake nema, a cikin huɗun babu mai kama ƙafar siparaksis. Gajere ne, santimita 20 zuwa 40, kowane kara da fure biyu zuwa biyar, buɗaɗɗu kamar faranti, suna kallon sama. Akwai ja, ruwan lemo, ruwan hoda, fari, shunayya, kusan duka da wannan tsakiya mai rawaya da baƙi. Guda ɗaya ba ya nuna kansa. A taru 20 ko 30 a wuri ɗaya, nan ne za ka ga kamar an shanya atamfa. Aibinsa biyu ne. Ba ya buɗewa sai rana ta fito sosai, da yamma ko ranar hadari ya rufe. Ma'aikacin da ke fita da sassafe ya dawo bayan la'asar zai iya ƙare kakar furen bai gan shi a buɗe ba sai Asabar da Lahadi. Sannan kwanakinsa kaɗan ne, mako uku zuwa huɗu bikin ya tashi.

Firisiya ita ce ta hanci. Kara ɗaya a ɗaki ya isa ya cika shi da ƙamshi, musamman fara da rawaya. Karanta yana miƙewa sannan ya lanƙwashe a sama, furannin su jeru a gefe ɗaya kamar tsuntsaye a kan waya. Ba ta rufewa da dare, kuma tana yin mako guda ko fiye a kwalbar ruwa, shi ya sa ta zama hajar masu sayar da yankakken fure a Holan. Amma 'yar gata ce. Ganyenta da karanta suna zubewa sai an tokare su da tsinke, tana ɗaukar kwana 100 zuwa 120 kafin ta yi fure, kuma in zafi ya haura digiri 20 da ɗoriya lokacin da take haɗa kan fure a ciki, sai ta ba ka ganye zalla. A cikin huɗun ita ce mafi ƙin zafi.

Iksiya ba zan daɗe a kanta ba. Doguwa ce, rabin mita ko fiye, kara siriri kamar waya, da taurarin fure da yawa a jere suna rangaji in iska ta kaɗa. Ita ma sai da rana take buɗewa, kuma kamar siparaksis tana tsanar danshi lokacin barci. Akwai wata, Ixia viridiflora, daga wajen garin Tulbagh a Kef ta Yamma, mai launi tsakanin shuɗi da kore wanda da wuya ka ga irinsa a fure. Kyakkyawa ce ƙwarai, amma ba ta sabon shiga ba ce. Wanda siparaksis ya yi masa shekara biyu lafiya, shi ya cancanci ya gwada ta.

Giladiyolas shi ne babban yaya, kuma shi ne ya bambanta da sauran ta fuskar da ta fi damun mu. Jinsin yana da nau'o'i sama da 250, wasu na sanyin Kef, wasu na wuraren da ruwa ke zuwa cikin zafi. Manyan da ake sayarwa, masu tsawon mita guda ko fiye da fure a jere daga ƙasa zuwa sama, jinin na biyun ne ya rinjaya a jikinsu. Ɗaya daga cikin kakanninsu shi ne Gladiolus dalenii, wanda aka yi wa aure da wani nau'in a Beljiyam wajen shekarar 1840. Wannan kakan kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana fitowa a dazuzzukan Afirka daga kudu har zuwa namu, da damina, da fure mai ruwan lemo da rawaya. Shi ne rumana da masu magani suka sani. Ke nan giladiyolas na kanti jikan ɗan gida ne da ya je Turai ya dawo da babbar riga. Yana fure cikin kwana 70 zuwa 100, yana jure zafin da zai kwantar da sauran ukun, ana yankarsa a sa a kwalba ya yi ta buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ba shi da ƙamshi, iska mai ƙarfi tana kayar da shi in ba a ɗaure ba, kuma akwai wasu ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye da fure da ke addabarsa har furen ya yi zane-zanen fari. Ni a idona ya cika tsayuwa ƙyam kamar soja, amma wannan ra'ayina ne.

Inda kake zaune shi ne alƙali

Mai zama a Kef Tawun, ko gaɓar tekun Bahar Rum irin su Tunis, Iskandariyya da arewacin Maroko, ko Kalifoniya, ba shi da wani dogon lissafi. Ya binne siparaksis a ƙasa da shigowar sanyi, wato Afrilu zuwa Mayu a kudancin duniya, Oktoba zuwa Nuwamba a arewaci, ya zaɓi wurin da ba a ba shi ruwa da rani, ya manta da shi. Shekara uku zai ga ya ninka kansa. A irin waɗannan wurare shi ne mafi sauƙin huɗun, har sauƙin kan zama fitina. A Ostireliya wani nau'insa, Sparaxis bulbifera, mai farin fure, ya tsere daga lambuna ya mamaye fadamu da gefen hanyoyi, ana yaƙarsa kamar muguwar ciyawa. Dalili shi ne yana haifar 'yan albasa har a jikin kara, su zube kowace ta zama sabon tsiro. Wanda ke Perth ko Adelaide ya nisanci wannan nau'in.

Mai zama a Ingila ko Jamus matsalarsa ƙanƙara ce, domin siparaksis ba ya jure daskarewar ƙasa. Hanya biyu gare shi. Ko ya shuka a tukunya a watan Oktoba ya ajiye a ɗakin gilashi ko baranda mai haske inda sanyi ba ya kai daskarewa, ya sami fure a Afrilu ko Mayu. Ko ya sayi wanda 'yan kasuwa suka riƙe a ma'ajiya, ya shuka a waje a Afrilu bayan ƙanƙara ta wuce, ya sami fure a Yuni ko Yuli. Hanya ta biyu ta fi sauƙi, amma a ɗauke ta kamar ta shekara ɗaya, domin albasar takan so komawa kalandarta ta asali, sai ta tsiro da kaka sanyi ya kashe ta. Ga mai son abin da zai shuka da bazarar Turai ya tono da kaka ya adana, ya maimaita kowace shekara, giladiyolas ne ya dace da wannan tsari.

Saura mu. A ƙasar Hausa siparaksis, firisiya da iksiya ba amfanin damina ba ne ko kusa. Ƙofa ɗaya suke da ita, ta hunturu da ban-ruwa, daidai irin ta alkama. Manomin alkama a Kadawa ko kwarin Haɗeja ya san cewa in bai shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ba, zafin Maris zai riski alkamar kafin ta cika ido. Lissafin ɗaya ne a nan, sai dai furen ya fi alkama raki. A Kano dare yakan sauka wajen digiri 13 a Janairu, wannan ya yi masa daidai, amma rana tana kai 29 ko 30, wannan ya zarce abin da ya saba. Kuma tagar sanyin ba ta wuce wata uku ba. Saboda haka a Kano, Katsina, Zariya, Kaduna, Maraɗi ko Damagaram, siparaksis gwaji ne, a yi shi da leda ɗaya da zuciyar da ta shirya wa ko wanne sakamako. Firisiya, da kwanakinta 120 da ƙin zafinta, ban ba kowa shawararta ba a waɗannan garuruwa. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, inda dankalin Turawa ke yi, da Gembu a tsaunin Mambila da ya fi Jos ma tsayi, damar ta fi faɗi nesa ba kusa ba, har firisiya ta cancanci gwaji. A Kumasi, Akara ko Legas, inda dare ba ya sanyi kuma iska ba ta rabuwa da danshi, kada a ɓata kuɗi a kan ukun nan.

Giladiyolas kuwa yana da ƙofa mai faɗi. A filayen Indiya masu zafi amfanin lokacin sanyi ne, ana shuka shi wajen Oktoba ana kai furen kasuwa, kuma wannan tsari ya dace da namu: a shuka da ɗaukewar ruwa, a yi ban-ruwa, a sami fure kafin zafi. A kan tudu har da damina zai yi, muddin kunyar tana da tsayi ruwa ba ya kwanciya. In tambayar ita ce wanne ne ba zai ba ni kunya ba a Kaduna, amsar ita ce shi.

Yaya ta ce ita dai mai kwallin take so. Shi ke nan, so ba ya jin lissafi.

Ƙasa ko tukunya

Ga duk wanda daminarsa ke zuwa cikin zafi, tukunya ta fi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Tukunya tana ɗaukuwa: ka ba ta ranar safe, ka janye ta inuwa daga azahar lokacin da ranar hunturu ke dukan ƙasa. In ganye ya bushe ka ɗauke ta gaba ɗaya ka kai rumfa inda ruwan sama ba ya taɓa ta. A ƙasa kuwa dole ka tono albasar kafin ruwan farko, kuma da yake ƙanana ne masu launin ƙasa, kullum sai wasu sun ɓace. Ga gafiya da ɓera, ga kaji masu tono, ga akuyar maƙwabta. A Kef ma beguwa da ɓeran ƙarƙashin ƙasa suna yi wa masu lambu ɓarna, har wasu kan binne albasar cikin kwandon waya.

A nemi tukunyar ƙasa, irin ta maginan tukwane, a huda gindinta. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsatsafowa, haka tukunyar ƙasa ke sanyaya saiwa. Baƙar roba a rana tanda ce. Zurfin tukunya ya kai santimita 20, faɗinta 25 zuwa 30, za ta ɗauki albasa 15 zuwa 20. A sa tsakuwa ko fasassun kasko a gindi, a haɗa yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa rabi, ƙasar lambu da ruɓaɓɓen takin ganye rabi. Ɗanyen taki na awaki ko na kaji, wanda Yaya ta zuba da kyakkyawar niyya, ruɓar da albasa yake yi, ko ya ba ka ganye mai laushi babu fure. A binne su zurfin santimita 5 zuwa 8, tsinin yana kallon sama, tazara kamar faɗin yatsu uku ko huɗu. Firisiya da iksiya ma kusan haka ne. Giladiyolas shi ke son zurfi, santimita 10 zuwa 15, da tazarar 15, domin ƙasar ta riƙe dogon karansa, kuma ya fi jin daɗin kunya a kan tukunya.

Bayan shuka a ba da ruwa sau ɗaya sosai, sannan a sassauta har tsiro ya fito. Daga nan kada a bari ƙasar ta bushe ƙayau, kada kuma ta zama taɓo. Iskar hunturu tana shanye tukunyar ƙasa da sauri, don haka a riƙa cusa yatsa kullum da safe, in gaɓa ɗaya ta shiga babu sanyi a ba da ruwa. In kan fure ya fara leƙowa, ɗan takin ruwa irin na tumatir, a tsinke shi sosai, sau ɗaya a mako biyu, ya wadatar. A riƙa duba ƙarƙashin ganye saboda ƙwari masu tsotsa, in an gan su da wuri ruwan sabulu mai rauni yana korarsu.

Wurin da mutane suka fi yin asara shi ne bayan fure. Furen ya zube, ganyen ya fara muni, sai a sa almakashi a gyara wuri. Wannan ganyen mai muni shi ke ciyar da sabuwar albasar da za ta yi furen baɗi. A cire busasshen fure kawai, a ci gaba da ruwa kamar mako biyar ko shida, har ganyen ya yi rawaya da kansa, sannan a yanke ruwa gaba ɗaya, ko ɗigo. A wurinmu nan ne zafin Maris zai iya yin ɓarna ta biyu, ya busar da ganyen kafin albasar ta ƙoshi, shi ya sa a wannan lokaci inuwa ta fi rana amfani. In ka tono ka ga sababbin sun fi waɗanda ka shuka ƙanƙanta, wurin ya yi musu zafi, baɗi ganye za su ba ka. In sun kai su ko sun fi, ga 'ya'ya a gefe, to ka sami wurin da ya karɓe su.

Wane nau'i, daga ina, yaushe

Abin da aka fi samu shi ne leda mai gauraye, jikokin tricolor da aka yi wa aure da 'yan uwansa, launi barkatai. Ga mai farawa shi ya fi: araha, ƙarfi, kuma ko rabi suka yi ka ga abin kallo. Mai son tsantsar nau'i zai iya neman Sparaxis elegans, shi ma ɗan Nieuwoudtville, mai launi tsakanin ruwan hoda da ruwan lemo, wani lokaci fari, da tsakiya mai shunayya. Ko Sparaxis grandiflora, wanda ke zuwa da shunayya mai duhu a kwarin Tulbagh, rawaya ko fari a wasu wuraren. Irin waɗannan an fi samun su a matsayin ƙwayar iri daga masu sayar da tsirran Kef. Ƙwayar tana tsirowa ba wuya cikin sanyi, amma sai shekara ta biyu ko ta uku take fure, wato sai ka tsallake damina biyu da 'yan albasa ƙanana kamar ƙwayar dawa. Wannan aikin mai haƙuri ne, kuma na Jos ne, ba na Sakkwato ba.

Lokacin saye yana da nasa tarko. Albasar da ake sayarwa a Afirka ta Kudu tana fitowa kasuwa wajen Fabrairu zuwa Afrilu, don shukar can. In ta iso mana a lokacin, zafi da damina ne a gabanta, sai ta jira wata bakwai ko takwas, ta tsiro a leda ko ta ƙanƙance. Wadda ta dace da mu ita ce ta Turai da ake fitarwa a Satumba da Oktoba, ta iso a shuka da zarar dare ya fara sanyi a Nuwamba. A matsa ta da yatsa kafin a biya in da hali: mai tauri da nauyi ita ce mai rai, mai laushi ko marar nauyi kamar ƙaiƙayi ta tafi. Kuma shigo da iri ko albasar shuka Najeriya yana buƙatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS. Wanda zai yi odar kai-tsaye daga waje ya fara neman takardar.

Ajiya ita ce ta ƙarshe. Wasu sun ji ana sa albasar wasu furannin Turai a firij, sai su yi wa waɗannan haka. Kuskure ne. 'Yan Kef barcinsu cikin ɗumi yake, har masu noman firisiya da gangan suke ajiye albasarta a wajen digiri 30 na tsawon wata uku don ta farka da kyau. Zafin ɗakinmu bai dame su ba, danshin Agusta ne abin tsoro. A shanya su a inuwa kwana kaɗan, a ɓalle tsohuwar da ta ƙanƙance a gindi, a barbaɗa musu toka, a zuba cikin ambulan na takarda ko ƙaramin kwando da busasshen yashi, a rataye inda iska ke ratsawa. Ban da leda. Sau ɗaya a wata a sauke a duba, wadda ta yi fumfuna a jefar.

Bana Yaya ta raba kuɗinta biyu: giladiyolas 20 a kunyar gindin katanga, siparaksis leda ɗaya a tukwane biyu da ta sa aka gina mata da huda a gindi. Na roƙe ta abu ɗaya, in lokacin ajiya ya zo kada ta rataye kwandon a kicin kusa da albasa da tafarnuwa. Waɗannan ba na ci ba ne, na giladiyolas ma yana ɓata ciki, gidanta kuma akwai 'yan mata uku masu koyon girki.